Mai Kitso da Taron Addu'ar Laraba

Shekara talatin Mai Kitso ta yi a kan kujera guda, cikin wani ɗan shago mai tsagaggen madubi, kawunan matan unguwa a tsakanin gwiwoyinta. Ta iya kitso, wannan kam babu mai musu. Sai dai ba gashi kaɗai take tsefewa ba. In mace ta sunkuyar da kai awa uku, tsinke yana bin tsaga, dole bakinta ya saki. Ita kuwa daga "Allah sarki" sai "to, sai ya ce me?" har ta kwashe komai tas.

A cewarta, ba ta gulma. Gulma zunubi ce, ita kuwa mai bi ce tun tana yarinya, ko ana ruwa ba ta fashin coci. Abin da take yi roƙon addu'a ne. Kowace Laraba da yamma matan coci kan taru a ɗakin baya, inda ake jibge karyayyun benci, kuma da an tambayi mai buƙatar addu'a, hannunta ne na farko a sama. Sai ta runtse ido, ta karya murya: "'Yan'uwa, mu sa matar direba a addu'a, mijinta ya sake ɗaga mata hannu, kun dai san dalili." Waɗanda ba su san dalilin ba sai ta yi musu bayani dalla-dalla, don addu'ar ta tafi daidai. Kafin a ce amin an gama da mutum. In maganar ta fashe a gari, sai ta dafe ƙirji ta ce Shaiɗan ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Shaiɗan ya sha ɗaukar mata kaya, har mutum ya kusa jin tausayinsa.

'Yarta ɗaya tal, tana auren wani malamin makaranta mai kunyar tsiya, shekara shida babu haihuwa. Yarinyar ta san halin uwarta, don haka ko ciwon kai ba ta gaya mata. Amma wata Juma'a ta zo kitso, kuma da ta ji hannun uwa a kanta sai kuka ya ƙwace mata. Ta ce sun ga likita, matsalar daga mijin take.

"Mama, don girman Allah, ko bango kada ya ji. In maganar nan ta fita, aurena ya mutu."

"Haba! Ni uwarki? Ai maganar ta mutu a nan."

Kwana biyar maganar tana cin Mai Kitso a ciki. Abinci ya daina yi mata daɗi. Ta riƙa tuna yadda uwar mijin 'yarta ke yada habaici a taro game da matan da ba sa haihuwa, ta ce wa kanta ai wanke 'yarta za ta yi. Ƙarya take. Abin da take so shi ne shirun nan da ɗaki kan yi idan ta buɗe baki, kowa ya miƙo wuya. Ranar Laraba ta ce ba za ta je ba, sai ga ta tana ɗaura kallabi. A hanya ta ce ba za ta ɗaga hannu ba. Da ta ɗaga, ta ce ba za ta ambaci kowa ba. Tana buɗe baki ta ce, "Surukina."

Kafin Lahadi labari ya kai ɗakin malamai. Surukin ya daina zuwa coci, ya daina fita ma. Bayan mako uku ya nemi canjin wurin aiki, ya tafi shi kaɗai.

Mai Kitso ta garzaya wurin Fasto tana hawaye, wai a yi addu'a, Shaiɗan na rushe gidan 'yarta. Tsohon ya cire tabarau ya dube ta.

"Mama, Shaiɗan tayi yake yi, ba ya dole. Sha'awar daga cikin mutum take tasowa, mutum ya yi renonta har ta haifi zunubi. Hannun wa aka ɗaga ranar Laraba?"

"Fasto, ni addu'a na roƙa."

"Allah ya riga ya san maganar, mata ashirin ne ba su sani ba. Ki je ki ce ke kika yi. Daga nan ake fara tuba."

Ta fito tana gunguni, wai tsufa ya fara taɓa mutumin. Amma dai ta je. Ta tarar da falon 'yarta rabinsa wayam, kantar littattafai babu komai sai ƙura, ƙusa tsirara a inda hoton aure yake. 'Yar tana zaune a ƙasa, idanunta a bushe.

"Mama, ba zai dawo ba, na sani. Abu ɗaya nake so. Ki ce, 'Ni na yi.' In kin faɗa, zan yafe miki yanzu-yanzu."

Kalma uku ne kacal, ga mace da ba ta taɓa rasa abin faɗi ba. Mai Kitso ta ji tsoro na gaske, don ta san wannan ce 'yarta ɗaya a duniya. Sai ta runtse ido, ta karya murya.

"'Yata, ke ma kin san aikin Shaiɗan ne. Mu durƙusa mu..."

'Yar ta tashi a hankali, ta buɗe ƙofa, ta tsaya riƙe da ita.

"Ki gaida gida, Mai Kitso."