Kalmar da na karanta wa Baba a juye

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Gardole, fitsari ya fara ba mahaifina wahala. Likita ya sa aka ɗebi jininsa don gwajin PSA, mai nuna halin furostat, ɗan ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Da yake ni ne malamin lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu, duk takardar Faransanci ni ake miƙa wa, ni kuma ina hura hanci.

Lambar ta fito sama da ƙima. Amma likitan ya ce, "Lamba kaɗai ba hukunci ba ce. Kumburi kan ɗaga ta, girman shekaru ma haka." Aka maimaita bayan 'yan makonni, ta ƙara hawa. Aka tsinko ɗan nama daga furostat ɗin aka duba. Kansa ce, wato ciwon daji, sai dai ba ta bazu ba. Aka yi wa Baba aiki, aka cire furostat ɗin.

Bayan wata uku na karɓo sakamakon sabon gwaji. Ba lamba, sai kalma ɗaya: indétectable. Na iske Baba kan tabarma, mahaifiyata na zuba masa shayi.

"Me suka ce?"

"Baba, sun ce ba a iya ganowa."

"Wato ciwon ya ɓuya?"

"Da alama."

Mahaifiyata ta ajiye buta ta shige ɗaki. Baba ya ce in kira masa ƙannensa, yana da wasiyya.

Washegari muka koma asibiti. Likitan ya duba takardar, ya miƙe ya kama hannun Baba. "Mabruk, Alhaji! Furostat ke yin sinadarin PSA ɗin da muke aunawa. Mun cire shi, ga shi babu ko ɗigo a jininka. Abin da muke roƙo ke nan. Wa ya ce maka ciwo ya ɓuya?"

Baba ya nuna ni da sanda. "Ga babban malaminmu nan."

Ranar a ƙafa ya koma gida, yana tsayawa kowace rumfa yana ba da labari. Ƙannen da suka zo jin wasiyya rago suka ci.

Ya ci gaba da gwajin a kai a kai, kalmar ba ta taɓa canzawa ba. Har jikokinsa ya aurar.

Yau ni ma na kai shekarun gwajin. Faransancina na nan daram, amma in na karɓo takarda, ninke ta nake yi, bakina a rufe har ofishin likita.