Mu Uku a Matakala

Mu goma sha huɗu muka ba da suna ranar farko. Wata guda kafin nan wuta ta cinye ɗakin girkin wani gida a layinmu na Al-Sih, don haka kowa a imararmu, bene mai hawa biyar da Hausawa suka fi yawa a ciki, a tsorace yake. Ma'aikatan kashe gobara suka zo suka nuna mana yadda ake aiki da ɗaffaya, jar tukunyar nan ta kashe wuta, da yadda ake sauko da mutane ta matakala kafin motarsu ta iso. Muka yi alkawarin haɗuwa duk Asabar bayan la'asar mu riƙa gwaji.

Shugabanmu wani dattijo ne mai gyaran lantarki, Bahaushen Sudan, kowa Baba yake ce masa. Kafin azumi mun koma tara. Mutum biyu sun samu aiki a Yanbu, ɗaya iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ya koma gida, biyu kuma suka daina zuwa haka kawai. Da lokacin aikin Hajji ya zo, masu aikin otal suka ɓace gaba ɗaya. Ni ma, da nake aiki a kantin magani kusa da Harami, na fara zamewa.

Wata rana muka yi kiciɓis da Baba a bakin ƙofa.

"Doktor, Asabar huɗu ban ga fuskarka ba."

"Wallahi Baba, dawam ne ya yi mini yawa, ba na tashi daga aiki da wuri."

"Ni ma ina da dawam, ɗana," ya ce, ya wuce da jakar kayan aikinsa. Ban je Asabar ta biyar ba ma.

Ranar da abin ya faru Talata ce, bayan azahar, ana zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ina cin abinci na ji ana dukan ƙofata da ƙafa. Direban tasi ne, mutumin Nijar, wanda bai taɓa fashin gwaji ba.

"Wuta a hawa na uku! Mukayyif ne ya kama, na'urar sanyaya ɗaki. Yalla!"

Baba ya riga ya kashe lantarkin imarar duka, matakala ta yi duhu, hayaƙi na gangarowa. Mata da yara suna ta sauka suna salati. Na fizgi ɗaffaya daga bango na haura. Na tarar da Baba a durƙushe a ƙofar ɗakin, wutar ta ci labule tana lasar katifa. Na saita, na matse hannun. Babu abin da ya fito. Na sake matsewa da dukan ƙarfina.

"Zare fil ɗin!" Baba ya daka mini tsawa. "Fil ɗin, Doktor!"

Sai a karo na uku na zare shi. Baba ya karɓe tukunyar daga hannuna.

"Bar mini nan. Hajiya tana hawa na huɗu, ba ta tafiya, 'yarta tana wurin aiki. Ku je!"

A gwaji, mutum huɗu ake so su ɗauki mai keken guragu. Mu biyu ne. Muka iske tsohuwar, 'yar Chadi, tana zaune da carbi a hannu, ta toshe hanci da mayafi. Direban ya jiƙa tawul ya yafa mata, ya ce in riƙe baya, shi ya riƙe gaba.

"Kada ku yar da ni, 'ya'yana," ta ce.

"Ba za mu yar da ke ba, Hajiya. Rufe idonki."

A hawa na uku ba na ganin ko hannuna. Ƙafata ta zame a taki ɗaya, keken ya karkata, na ji ta ƙanƙame wuyan rigata. Direban ya tare nauyin da ƙirjinsa yana ƙirga takun da ƙarfi don in bi muryarsa. Ina jin tarin Baba a cikin ɗakin, ba yadda zan yi in tsaya.

Da muka fito titi, na ga mutum biyar cikin waɗanda muka ba da suna tare, suna tsaye a inuwa, biyu na ɗaukar hoto da waya. Na san tazarar da ke tsakanina da su ba ta da yawa. Motar kashe gobara ta iso, ma'aikatanta ne suka fito da Baba, fuskarsa baƙi ƙirin.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Da na je duba shi ban gama sallama ba ya ce, "Khalas, Doktor. Ƙirjina ba zai sake ɗaukar hayaƙi ba. Ɗana na Yanbu ya ce in koma wurinsa. Kai za ka riƙe masu gwajin."

Na ce ban cancanta ba. Ya ce shi ma bai ce na cancanta ba, amma wa ya rage?

Asabar ta gaba mutum tara suka zo. Bayan wata biyu mun koma huɗu: ni, da direban, da wani tela, da 'yar Hajiya, wadda ta ce a koya mata ita ma tunda mata ne a gida da rana. Yanzu ni ke bin ƙofofi ranar Juma'a da yamma ina tunatarwa. Wasu su ce in sha Allahu, wasu ina jin motsinsu a ciki amma ba sa buɗewa.