Mutumina na Amurka da Auren Ɗana

Duk wanda ya ratsa ajina a Jega ya san ina da mutumi a Amurka. Ban taɓa taka ƙasar ba, shi kuma ya mutu tun kakannin kakannina ba su san za a yi ni ba, amma haka nan na riƙe shi aboki. Yana cikin dattawan da suka kafa ƙasar. Shi ya riƙe alƙalami lokacin da suka rubuta cewa sun daina bin Sarkin Ingila, kuma a cikin takardar ya ce dukan mutane daidai aka halicce su. Na gamu da shi ne a wani ɗan littafin tarihi sa'ad da nake kwalejin horon malamai. Labarin gajere ne. An ce masani ne, mai kunya, mai son noma, wanda ya fi jin daɗin zama a gonarsa yana gwada iri a kan zaman fadar mulki. Abin ya shige ni. Tun daga nan duk gardamar da ta tashi, a aji ko a majalisarmu ta bakin kasuwa, sai na jawo shi. In 'yan majalisa suka ga na gyara zaman hula sai su ce, to, ku matsa, Malam zai taso da mutuminsa.

Bayan na yi ritaya ɗana na fari, mai fataucin albasa daga Aliero zuwa kudu, ya ga yarinya a Jega Firchin. Malamar firamare ce, mai hankali, uwarsa ta je ta gan ta ta dawo tana yabo. Abu ɗaya ne kawai: ubanta mahauci ne, cikin waɗanda muke kira Rundawa. Ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Amma a wurinmu uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, balle ɗan fari da ko sunansa ba na kamawa. Aikin yayana ne, babban gidanmu, wanda ke zaune a Maiyama yana noman gero da albasa. Shi zai ɗauki goro ya je, shi zai karɓi aure. In bai taka ba, babu magana.

Na same shi a gindin rumbu yana gyaran igiya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Malam, ni ban ce haram na ba. Liman ma ya hwaɗi, na jiya. Amma ba kowane halal aka ci ba. Tun kakanninmu ba mu taɓa amre da Rundawa ba, ba ko bisa kaina za a hwara ba."

Yayana mutum ne da ba a tura shi. In ka matsa masa sai ya zama turmi. Na kawo aya, ya ce ya sani. Na kawo hadisi, ya yi salati ya ce gaskiya ne, ya ci gaba da igiyarsa. Da na ga kayan gida sun ƙare, sai bakina ya koma inda ya saba. Na ce ai ko a Amurka wani babban mutum ya faɗa, dukan mutane ɗaya suke.

Na zaci zai yi mini dariya yadda ya saba. Sai na ga ya ajiye igiyar.

"Wanga mutumin naka, manomi na kac ce?"

Na ce manomi ne, babba ma.

"Shina da gona, da dukiya, da asali, kuma yac ce shi da barunje ɗai suke?"

Na ce haka maganarsa take nufi.

"To, taho min da labarinai dut, daga hwari har ƙarshe. Magana ba ta hi mai ita ba. In na iske mutumin kirki na, kuma abin da yah hwaɗi shi yay yi, ni ka ɗaukar goro in kai Jega da kaina."

Yayana bai taɓa saɓa alkawari ba, wannan kowa ya shaide shi. Na hau mota zuwa Jega ina murmushi ni kaɗai. Na aika uwar yaron ta gaya masa ya kwantar da hankalinsa, magana ta kusa ƙarewa.

Sai dai abin da na sani game da mutumin bai wuce na ɗan littafin nan ba, kuma yayana cikakken labari ya nema. Saboda haka ranar kasuwar Aliero na je wurin wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a can. Muka zauna a wata rumfa kusa da inda ake loda albasa, wari ya cika ko'ina, 'yan dako suna ta kai da kawo. Na gaya masa buƙatata. Ya ciro wayarsa ya yi 'yan taɓe-taɓe, ya karanta na ɗan lokaci, sai ya ɗago ya dube ni.

"Malam, ka tabbata dut kaka so in karanto?"

Na ce to me na zo yi?

Ya ce mutumin yana da bayi, ɗaruruwa, kuma su ke masa noman da ake yabo. Ya ce ranar da yake rubuta waccan magana ma bawa ne ke masa hidima. Na ce zamani ne, mu ma nan an yi bauta, ba zan rufe ido in ce ba a yi ba. Wataƙila daga baya ya sake su. Ɗalibina ya ce 'yan ƙalilan ya saka, sauran kuwa bayan ya mutu aka yi gwanjonsu, aka raba wasu iyaye da 'ya'yansu.

Wani ɗan dako ya wuce da buhu ya kusa ture ni, ban ko tanka masa ba, ni da ba a taɓa ni in ƙyale.

Ɗalibina ya ce akwai saura. Bayan matarsa ta rasu, akwai wata baiwa a gidan, ƙarama ƙwarai a kansa, wadda mafi yawan masana tarihi suka yarda shi ne uban 'ya'yanta. An ma yi gwajin jini a zuriyar, abin ya nuna gidansu.

A nan ne na yi kuskuren da ɗan ƙasarmu kaɗai zai yi. Wallahi sai na ji sanyi. Na ce ai wannan ƙwarƙwara ce, mun san irinta. A dokar da kakanninmu suka bi, baiwar da ta haifa wa ubangijinta ta wuce sayarwa, in ya mutu ta zama 'ya, ɗanta kuwa ɗa ne kamar kowane ɗa. A yanka masa rago, a raɗa masa suna, ya ci gado, har sarauta yakan hau. Na ce to ka gani, ashe har ya haɗa jini da su. Har na fara tsara yadda zan gaya wa yayana: ga babban mutum mai asali, 'ya'yansa daga baiwa suke, bai ji kunya ba.

Ɗalibina ya girgiza kai a hankali.

"Malam, can ba haka ta ba. Ɗa uwa tai yaka bi. In baiwa ta, shi ma bawa na."

Na ce ban gane ba. Bawan wa?

"Bawan ubanai."

Na sa ya sake faɗa, ya sake. Ya ce yaran a cikin bayi suka tashi, a gidan ubansu, aka koya musu aikin hannu irin na bayin gida. Bai taɓa fitowa fili ya ce nasa ne ba. Da suka girma ya bar wasu suka tafi, wasu ya 'yanta su a wasiyya, shi ke nan. Uwar kuwa har ya mutu bai rubuta mata 'yanci ba. Ya ƙara da cewa an ce ita baiwar ma uba ɗaya suke da matarsa da ta rasu.

Ban san sa'ad da na cire hulata na riƙe a hannu ba. Na ga mugunta a duniya, na karanta yaƙe-yaƙe, na koyar da su. Amma mutum ya zauna a kan abinci, ɗansa na cikinsa yana gidan a matsayin dukiya, ya dube shi bai ce ɗana ba, wannan ban taɓa sanin ana yi ba. Kuma wannan ne mutumin da na yi shekara da shekaru ina ɗora wa 'ya'yan mutane a matsayin abin koyi. Na ji kunya, na ji haushi, na ji kamar wanda ya daɗe yana sallah bayan liman sai aka ce masa ai ba shi da alwala. Ɗalibina ya sayo mini ruwa, na kasa sha.

A mota na yi ta shawara da kaina. Yayana ba ya karatun boko, ba shi da wanda zai bincika masa. Zan iya kai masa gonar da ilimin da kyakkyawar maganar, in tsaya nan. Babu ƙarya a ciki. Har na shirya hakan, na jera abin da zan faɗa da inda zan yi shiru.

Da na isa Maiyama na tarar ya shimfiɗa tabarma, ya sa an dama fura, har ya kira ƙannenmu biyu su saurara. Na fara lafiya lau. Na faɗi gidansa a kan tudu, da lambunsa, da littattafansa. Yayana yana gyaɗa kai, ya tambaya ko suna noman albasa a can. Sannan ya yi tambayar da duk Bahaushe zai yi in ana ba shi labarin dattijo:

"Ɗiyanai hwa? Nawa yab bari?"

Abin yana nan a raina tun Aliero. Na buɗe baki don in kauce, sai ga shi duka ya zubo. Bayin, gwanjon, baiwar, yaran. Ban rage komai ba.

Yayana ya ajiye ludayi. Ya yi salati, ya sake yi.

"Ɗa nai na cikinai? Ba rago, ba suna?"

Na ce haka aka ce.

"Ko dabba ta san ɗanta. Wanga ba mutum na ba."

Ƙannenmu suka yi ta tsaki. Na ga yayana ya girgiza fiye da ni ma, sai wani ɗan fata ya taso mini. Na ce to Yaya, ka ga inda raina asalin mutane ke kai mutum. Mutumin ya ɓaci, amma maganarsa gaskiya ce, ko daga bakin wa ta fito.

Ya dube ni tsawon lokaci, ba da fushi ba, da tausayi ma.

"Malam, kai dai Allah ya yi ka da son magana. Shekara nawa kana ta hwaɗa muna wanga mutum? Ga shi ko shi da yar rubuta bai yarda da ita ba. Ga takarda kowa ɗai na. Ga gida kowa ya san wurinai. Ni ban saida kowa ba, ban ƙi ɗana ba. Cewa kawai niy yi ba mu amre da su. Alkawali na ɗauka bisa mutumin kirki, kai da bakinka kac ce ba shi ba na."

Wannan ya fi na Aliero buga ni. Na kawo masa labarin zalunci, ya la'anci azzalumin da zuciya ɗaya, sannan ya ɗauki zaluncin ya kafa hujja da shi. Na tashi ban sha furar ba, abin da ban taɓa yi a gidanmu ba.

Bayan 'yan kwanaki na yi abin da ba a yi. Na sayi goro, na sa babbar riga, na tafi Jega Firchin da kaina. Uban yarinyar ya karɓe ni a zaure da mutunci, ya sa aka kawo balangu mai zafi. Muka gaisa, muka daɗe muna gaisawa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya dubi ƙofa kamar yana jiran wani ya shigo.

"Malam, wa kaka wakilta?"

Na ce kaina.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya san ni, ya san ɗana, ba shi da abin cewa a kanmu. Amma ɗiya ba mutum ɗaya ake ba wa ba, gida ake ba wa. In babbanmu ya taka ko da bakin zauren nan ne, ya ba mu ita. In bai taka ba, ya san dalili, kuma ba zai kai 'yarsa inda za a riƙa wanke kwanon da ta ci a ciki ba. Ya sa aka naɗe mini sauran naman, ya rako ni har bakin titi, goron yana hannuna.

Ba a yi wata shida ba aka ɗaura mata aure da wani ɗan'uwansu.

Ɗana bai ce mini komai ba a lokacin. Tsakanina da shi dama magana ba ta da yawa, kunya ce ta ɗan fari. Ya ci gaba da fataucinsa, sai dai tafiyarsa kudu ta riƙa tsawo. Wata ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci, yana bayana da tabarmata a hammata, sai na ji ya yi gyaran murya. Ashe ɗaya daga cikin ƙannenmu ya ba shi labarin zaman Maiyama duka.

"Baba, an ce Bappa ya kusa yarda."

Yayana yake nufi. Na ce ya kusa.

Muka yi tafiya kaɗan. Bai ɗago kai ba ya ce:

"Da ka bari sai bayan an ɗaura, sannan ka hwaɗa mai."

Muka iso gida, ya jingine tabarmar a zaure, ya shiga ya gaida uwarsa.