Allurar da Malam Ya Ƙi Ita Nake Yi wa Mai Sunansa

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku na Unguwar Gai, Allah Ya jiƙansa. Ciwon suga ne ajalinsa. Ina yarinya a lokacin, kuma abin da na ɗauko daga jinyarsa na tafi da shi ɗakin miji shi ne duban ƙasa. Duk inda yaro ya tsuguna ya yi fitsari sai na koma na leƙa ko kiyashi sun taru, don ta haka muka fara gane ciwon Malam. Da na haifi ɗana na fari aka sa masa sunan Malam, muke kiransa Abba. Shekaru ina wannan leƙen ban ga komai ba. Maigidana har tsiya yake yi min, wai in da gwamnati na ɗaukar masu gadin kiyashi da tuni ina cin albashi. Bara, bayan an cire gyaɗa, na ga abin da nake tsoro.

Amma bari in fara da Malam, tunda dominsa na ɗauki biro.

Manomi ne, kuma yana karantar da magidanta a zaurensa bayan magariba. Halin da kowa ya san shi da shi, ba ya cin abu ko ya shafa a jikinsa sai ya san asalinsa. Da wani sabon sabulu ya shigo gari, sai da ya hau kekensa ya je Rano ranar kasuwa yana bin masu shaguna da tambayar da wane irin mai aka yi shi. In bai samu amsa ba, ba ya ce wa kowa haramun ne. Shi dai ya bar abin shi kaɗai. Mu muna wanka da mai ƙamshi, shi yana nan da sabulun salonsa.

Ciwon ya tsananta a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, ana kuma ta gardamar allurar shan-inna, kowa yana ɗari-ɗari da abin da za a zuba masa a jiki. Ƙwayoyin da yake sha suka daina riƙe shi, aka ce a asibiti sai dai ya koma allurar insulin. Inna, mahaifiyarmu, tana wurin, ita ta ba mu labari. Malam ya riƙe 'yar kwalbar ya ce wa ma'aikacin, "Ɗana, daga jikin me ake samun ruwan nan?" Ga layi har waje, mutumin ya ce, "Baba, magani ne kawai, daga ƙasar waje ake kawo shi." A hanyar gida wani mai kemis ya ce masa shi dai ya ji an ce daga alade ake ɗebowa.

Abokansa malamai sun yi masa magana, sun tuna masa larura. Ya ce, "Na san hukuncin, ni na karantar da shi. Ban hana kowa ba. Ni dai zuciyata ce ba ta kwanta ba." Ya koma shuwaka da garafuni da sassaƙen maɗaci. Da damina fartanya ta sare shi a ɗan yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, ya ci ƙafar. Bai ga kaka ba.

To da Abba ya fara rama, yana shan ruwa kamar ba zai ƙoshi ba, daga asibitin Rano aka tura mu Kano. Wata likita ta duba shi ta ce irin na yara ne, ƙwaya ba ta yi masa, allura ce kullum har iya rayuwarsa. Ta ɗauko kwalbar. Ban san sanda bakina ya yi mata irin tambayar da Malam ya yi ba. Ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta zauna.

Ta ce maganar alade ba ƙarya ba ce tsagwaronta, a da can daga jikin shanu da aladu ake samu. Amma wannan da ke hannunta babu dabba a cikinsa. Ta ce a jikin kowane mutum akwai tsarin da ya gado, wanda ke gaya wa jiki yadda zai haɗa ruwan nan da kansa. Masana suka kwafi ɗan gutsuren tsarin suka dasa shi a cikin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin yis ɗin burodi. Ana kiwon su a manyan tankuna, suna ta haɗa ruwan irin na mutum sak, sannan a tace. Da ta ga ban gane ba ta ce, "Maman Abba, kin san yadda 'yan Fulani ke kafa nono? Ɗan tsami kaɗan za a zuba, ya juya ƙwarya guda. To kamar haka, sai dai su waɗannan an koya musu abin da za su yi."

Na ce tun yaushe ake yin haka. Ta ce tun kafin a haife ni. Na ce to wanda aka miƙa wa mahaifina fa? Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba ta ga kwalbar ba, amma ta fi zaton irin wannan ne. Na karɓi kwalbar muka hau motar dawowa.

Na koyi allurar da hannuna. Wuta ba ta zama a unguwarmu, don haka a cikin tulu nake ajiye kwalbar, na binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashi a lungun da rana ba ta kaiwa. Abba ya murmure, ya koma makaranta, ya koma kwasar ƙasa a wando.

Inna ce ba ta murmure ba. Ranar da ta fara ganina da allurar ta ce, "Mai sunan Malam za ki dinga tsira wa abin da Malam ya ƙi har ya koma ga Allah?" Na yi mata bayanin yis, na yi na nono. Ta ce, "Ke da kika tsaya a aji huɗu ce za ki fi ubanki sani? Shi bai san nono ba ne?"

Da babbar salla na bar mata Abba ya yi kwanaki, don tun yana goye take kiransa angonta, shi kuma ya ce amaryarsa ba ta da haƙora. Na nuna wa ƙanwata yadda za ta yi masa allurar. Bayan tafiyata Inna ta karɓe kwalbar ta ajiye, ta ce angonta ya huta da tsire-tsire, ta jiƙa masa shuwaka irin ta kakansa. A kan babur aka dawo min da shi, jiki ya saki, yana amai, numfashinsa yana fita da ƙyar. Mun kwanta a asibiti. Likitan da ya karɓe mu ya ce min kai tsaye, in aka sake daina masa allurar ba lallai ne a samo shi ba. Inna ta zo, ta zauna ta riƙe ƙafarsa tana kuka, ko abinci ta ƙi ci. Duk da haka da za ta tafi ta ce min, "Malam dai ya fi mu sani."

Tun daga nan Abba bai sake kwana a Unguwar Gai ba. Mukan je mu wuni mu dawo. Yakan tambaye ni me amaryarsa ta yi aka raba su.

Nakan zauna in ce da Malam yana nan, me zai ce? Na san zai tafi Kano da ƙafarsa, ya zaunar da likitar nan ya hana ta ganin kowa sai ya gama. Zai tambayi jikin wa aka kwafo tsarin, mai rai ne ko mamaci, me ake ba ƙananan halittun su ci, da me ake tace ruwan. In ya ji cewa rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jarirai ma ta wannan hanyar ake yin sa, zai ƙara tambaya. In ya ji abin da nake ji a rediyo, wai ana gwada gyara wannan tsarin na gado a jikin masu sikila, ina jin sai ya kwana bakwai yana buɗe littattafai. Ko zai yarda a yi masa a ƙarshe, ban sani ba, ba zan yi masa ƙarya yana kabari ba. Abin da na tabbata shi ne ba zai ɗora tsantseninsa a kan yaro ba. Bai taɓa ɗora shi a kanmu ba.

Littattafansa suna wurin yayanmu, gonar an raba. Abin da ya fi zama a gidan shi ne ƙin da ya yi, an riƙe shi kamar wasiyya, an manta cewa tambaya ya fara yi ba a ba shi amsa ba. Ba na ganin laifin Inna. Mijinta take karewa, kuma ba za ta saki maganarsa don maganata ba, ko ta likita. Daga bakin malami kawai za ta ji, irin waɗanda take kasa kunne gare su a rediyonta da safe.

Don haka roƙona ga malaman da ke karanta jaridar nan. Don Allah wani a cikinku ya je asibiti ya tambayi yadda ake yin allurar nan, ya tambaya har ƙarshe, sannan ya faɗi abin da ya samu a rediyo da Hausar da tsohuwa za ta gane. Wanda kuma ba malami ba, ya kai wa malamin unguwarsu wannan shafin. Ina so in iya barin ɗana ya kwana a ɗakin kakarsa.