Hutun da na kai gwaggo bakin teku

Gwaggona, ƙanwar babana, ta fi shekara ashirin tana sayar da atamfa da shadda a unguwar Château Rouge ta Paris, amma ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. Ni kuwa a lokacin na samu aiki a Lyon, ina jin kaina ƴar gari. Da hutun Agusta ya zo sai na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na ce ta rufe shago kwana uku, zan kai ta wani tsohon gari a gaɓar Normandi inda attajiran Paris na dā suke zuwa wankan teku.

Garin yana da kyau a hoto. Ga gidaje masu hasumiya, ga doguwar hanyar katako a bakin rairayi, ga laimomin shan inuwa masu launi. Abin da hoto bai nuna mini ba shi ne wari. Mun iso ruwa ya janye, ya bar laka da ruɓaɓɓiyar ciyawar teku tana ta ƙarni cikin rana, ƙudaje sun rufe ta. Gwaggo ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci.

"Ɗiyata, ina tekun?"

Na nuna mata wani layi mai toka-toka can nesa.

Otel ɗinmu ma tsoho ne, kuma mai shi yana alfahari da hakan. Ɗakin yana warin raɓa da kare, a bahon wanka na tarar da dunƙulen gashin wani. Gwaggo ta shimfiɗa zanenta biyu a kan gado kafin ta yarda ta zauna.

Da azahar na kai ta gidan abinci mai kallon ruwa. Ta ce a ba ta soyayyen kifi kawai. Ni kuwa, don in nuna mata na waye, na yi odar katon faranti irin wanda na ga Turawan teburin gaba suna ci. Aka kawo shi bisa ƙanƙara: kaguwa, dodon koɗi, da wasu abubuwa masu ɓawo a buɗe, cikinsu wani nama mai yauƙi kamar majina. Witir suke kiransa. Ban taɓa ci ba, amma ban faɗa ba.

"An dafa wannan?" in ji gwaggo.

Na tambayi mai kawo abincin da Faransanci. Ya yi murmushi, ya ɗauki lemun tsami ya matsa a gefen ɗaya. Naman ya motsa, ya takure.

"Kin gani, madam, da ransa. Haka ake son shi."

Gwaggo ta ajiye cokali. "La'ilaha illallahu. Kar ki ci."

Mutumin yana tsaye yana jira, Turawan gefe ma sun juyo. Sai na ɗaga ɓawon na kurɓe. Sanyi, gishiri, da yashi ƙas-ƙas a haƙora. Ya tsaya mini a maƙogwaro, sai da na haɗiye sau biyu kafin ya wuce. Na yi ƙoƙarin murmushi.

Ina cikin wannan hali idona ya sauka kan wata dattijuwa mai jan baki a tebur na kusa. Ta ɗora ƙaramin karenta a cinya, ta miƙa masa cokalin kirim mai sanyi ya lashe, sannan ta mayar da cokalin bakinta. Ta sake ba shi, ta sake sha.

Ban kai banɗaki ba. A bakin ƙofa, cikin tukunyar furanninsu, na amayar da komai. Gwaggo ce ta riƙe mini goshi, tana ɗaure mini ɗankwali da ɗaya hannun don kar ya ɓaci. "Sannu, sannu" kawai take ce mini. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Daren nan ban ci komai ba. Washegari da safe ta ce, "Ɗiyata, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Amma mu koma gida." Kwana ɗaya muka yi cikin ukun.

A jirgi ta buɗe jakarta ta fito da dakkuwa da ta ƙunso tun daga Paris, ta gutsura mini. Na tambaye ta me ya sa ba ta fito da ita jiya ba.

"Na ga kina son ki ciyar da ni ne," in ji ta.

Na koma Lyon na yi kusan mako ba na iya cin miyar kuɓewa. Duk lokacin da na ga yauƙi sai in ture kwanon.