Wanda Ya Matsa wa Masu Awo

Mai Agogo ya tsufa a gindin bishiyar bakin tasha, wadda shi ya dasa ta da hannunsa tun yana saurayi. Jarinsa tebur ne mai naɗewa, da akwatin gilashi, da ɗan madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Da teburin nan ya aurar da 'ya'yansa, da shi ya yi jinyar matarsa har ta cika. Aibinsa ɗaya ne, kawaici ya yi masa yawa. Ko taka shi ka yi, shi zai ce maka sannu.

Ranar da masu awo suka zo saboda za a faɗaɗa titi, maƙwabcinsa mai gyaran takalma ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai motsa ba. Dole suka auna shi a inda yake, suna tsaki. Mai Agogo kuwa ya ga bayin Allah suna ta zufa, ya naɗe teburinsa ya ja gefe, har ruwan sanyi ya sayo musu. Suka auna, suka ɗauki hoto, suka yi masa godiya.

Daga baya aka ce duk wanda titi ya ci wurinsa za a ba shi rumfa a sabuwar kasuwa. Ya sa rigarsa ta fita kunya ya tafi ofis. Wata ma'aikaciya ta juyo masa fuskar kwamfuta, ga taswirar unguwar tas.

"Baba, nuna mini wurinka," in ji ta. "Duk abin da na danna zai faɗi mai shi."

Ta gwada masa da wani ɗan zane. Nan take akwatin rubutu ya ɓullo: mai gyaran takalma, ga lambar rumfarsa. Mai Agogo ya yi murmushi, ya ɗora yatsa kusa da wurin. Ta danna, shiru. Ta ƙara girman taswirar ta sake dannawa, ko ɗigo bai fito ba.

"Abin da aka zana kaɗai ke amsawa, Baba."

"'Yata, ai ni na matsa musu don su yi aikinsu."

"To ka gani," ta ce a hankali.

Hannunta ya goce kan bishiyar, sai ga akwati ya buɗe: tsayinta, kaurinta, da umarnin a kiyaye ta. Ya dubi bayanin bishiyar da shi ya dasa. Amma hali hali ne, ya miƙe ya gyara mata kujerar da ya zauna, ya ce sannu da aiki.

Yanzu an kewaye bishiyar da shingen ƙarfe, wai don kada masu sana'a su dame ta. Shi kuma yana tsallaken titi, cikin rana tsaka, yana gyaran agogo da ido mai ruwa. Inuwar bishiyar takan tsallako ta same shi da yamma, daidai lokacin da yake naɗe teburinsa.