Bidiyon da Adda Hapsatu Ta Bari a Jere

Yau da safe ina tsaka da juya kifi a banda aka kira ni. Wai Adda Hapsatu ta rasu da asuba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban ma gama sauke waya daga kunnena ba sai ga sabon bidiyonta ya fito a shafinta, ƙarfe takwas daidai kamar kullum. Tana warware zanin gado mai ruwan toka, tana dariya. Wallahi a ƙasa na zauna.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce mai ɗinkin zannuwan gado a bayan babbar kasuwar Jimeta. Gudun hijira ne ya kawo ta, lokacin da aka tarwatsa garuruwan arewacin jihar nan. Ta iso da mahaifiyarta Dada da 'yarta Ummi. Mijinta bai fito da rai ba. A sansanin Damare ta koyi taka keken ɗinki, daga keke ɗaya ta kai ga shago, kuma shagon nan shi ke ciyar da gidan har yau.

Ni da faɗa muka fara.

Lokacin na fara tallar kifina a waya, na sa wani bidiyo mai minti huɗu ina ta jin kaina. Washegari ta zo sayen kifi. Adda kowa "kai" ne a bakinta, kowa "shi" ne, mace ko namiji.

"Kai, na kalli bidiyonka," in ji ta. "Ka gaida mutanen Yola, ka gaida na Jimeta, ka tambayi gajiya, ka tambayi yara. Har na gama shan shayi ban ga kifi ba."

Na ji haushi sosai. Na ce ni ba a daji aka raine ni ba, ba zan faɗa wa mutane cikin waya babu sallama ba.

Ta ce, "To bari kifin ya yi sallama."

Kun dai san halina. Kwana uku ko gaisuwarta ban amsa ba. Rana ta huɗu sai ga ta da littafin 'yan makaranta da biro, ta ja kujera ta zauna kamar ni na gayyace ta. Ta ce kowane bidiyo layi uku ne: abin da za a fara gani, magana ɗaya da zan faɗa, sai inda za a same ni. "In ya wuce layi uku, ya zama wa'azi."

Ita ta hana ni ɗaukar bidiyo kullum. A da sai in bar kifi a wuta in tsaya gyaran ɗankwali, sau nawa ya ƙone ban sani ba. Ta ce a ware rana ɗaya. Laraba da hantsi, kafin rana ta yi zafi, mu rubuta guda bakwai, mu ɗauke su a zama ɗaya, mu jera su a waya kowanne da ranar fitarsa. Sauran kwana shida na kasuwa ne.

Don kada a gane rana ɗaya aka yi su, tsakanin kowane bidiyo sai an canza mayafi. Nawa biyu ne kacal, sai ta riƙa zuwa da nata a leda. Har Goggona ta kira ni daga Girei tana tambaya ko gado na ci ban faɗa mata ba.

Ba ni kaɗai ba ce. Mai yaji, mai man shanu, da Maman Joy mai ɗinkin labule, duk a littafin Adda muka koya. Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. In ka matsa mata sai ta ce ita ma a Damare kyauta aka koya mata keke.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Asabar ne. Ta sauko daga keke napep ta ce Litinin za a yi mata aiki a ciki. Ta miƙo mini wayar shagon.

"Na jera na wata guda. Kada ka taɓa komai, ka dinga amsa wa mutane kawai."

Na ce wata guda, Adda, asibiti za ki ko Makka? Ta yi dariya, ta gutsuri kifi ta ɗanɗana, ta ce gishirina ya yi yawa. Ta tafi. Ko bakin titi ban raka ta ba, abin yana damuna.

Bayan an dawo daga kai ta makwancinta, na duba wayar shagon. Mutane suna ta tambaya a ƙasan bidiyon, "Hajiya nawa ne?" "Akwai mai ruwan ɗorawa?" Wasu 'yan uwa suka ce in goge komai yau ɗin nan, bai dace mamaciya ta yi ta yawo a waya tana talla ba. Ban ga laifinsu ba. Amma na san ta nan masu saye suke zuwa. In shafin ya mutu keken zai tsaya, kuma Dada da Ummi ba su da wani abin dogaro.

Na shiga ɗakin Dada na zauna, na buɗe jerin da niyyar gogewa.

Guda biyu kawai suka rage masu fuskarta, na gobe da na jibi. A na jibi ta jawo Ummi gefenta, ta dafa kafaɗarta, ta ce, "Ga 'yata. Shi yake yanka, shi yake ɗinki. Ku neme shi." Daga Lahadi har ƙarshen wata Ummi ce ita kaɗai, hannunta, muryarta, kuma lambarta ce a ƙasa.

Ummi ta leƙo ta gani, ta rufe baki. "Anti, ce mini ta yi gwaji ne kawai."

Muka yi kuka har muka gode Allah. Da muka lafa na nuna wa Dada, na tambaye ta yadda za a yi.

Ta ce, "Wanda ya jera ya san abin da ya jera. A bar shi."

Don haka gobe Juma'a ƙarfe takwas za ku gan ta, jibi ma haka. Kada ku firgita, kuma kada wanda ya rubuto mini cewa na manta ban goge ba. Da sanina na bari.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Hapsatu. Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka sa wahalar gudu da ta jinya su zama kaffara. Duk tukunyar da ta hau wuta a sanadinta, Ka kai mata ladan. Ka ba Dada haƙuri, Ka dafa wa Ummi.

Ku kuma ina roƙon ku, in ta bayyana a wayoyinku gobe, kada ku wuce. Ku tsaya ku karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku.